Sunan Sale a Cikin Fim

Gidan Kwari, ta Baudeta
Litinin, 24 ga Mayu, 2010

Zuwa ga ɗana Filibus,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, kai da karatu da zafin Yamai. Mu nan da sauƙi. Ɗiyata Marta ta warke daga masassarar, ƙafata ce dai take ta halinta. Ruwa har yanzu shiru. Hadari ya haɗu sau biyu, iska ta kwashe shi.

To, gaisuwa ta ƙare, yanzu buɗe kunnenka.

Faifan fim ɗinka da ka aiko wa Matiyu mai bishara ya iso. Jiya bayan sujada ya aro talabijin da gurup, injin wutar nan, daga lakwal, wato makarantar boko, aka toshe tagogin majami'a da tabarmi, aka saka. Ba mu kaɗai ba ne, rabin gari ya shigo, Musulmi da Kirista, kowa yana so ya ga kanshi. An yi ta dariya da shewa, har ni na yi. Can sai ga fuskata ta cika talabijin, ina zaune bakin rumbuna, ina cewa, "Tun da hatsinmu ya ƙare ba wanda ya ba mu ko ƙwara ɗaya." Daga nan sai hoton rijiya.

Filibus, haka na ce maka? Ranar da ka kafa mini kamerarka a watan Maris, ka sa ni na zauna cikin rana har kaina ya yi ciwo, cewa na yi, "ba wanda ya ba mu ko ƙwara ɗaya, sai maƙwabcina Sale. Shi ya kawo mana damma huɗu, da su muke raye." Ina sauran maganar ta tafi? Akuya ce ta ci?

Sale yana cikin majami'ar. Yana zaune a bencin baya kusa da yayansa Attahiru, wanda ya dawo daga cin rani makon jiya. Tun kafin fuskata ta gama fitowa na ga ya sunkuyar da kai, ina rufe baki kuma ya miƙe ya fita. Yau da safe na gaishe shi ta kan darni, ya amsa a gajarce bai ko dube ni ba. Mutumin da ba addininmu ɗaya ba, ba jininmu ɗaya ba, ya ciyar da ni da ɗiyata tun da mijina Istifanus ya rasu ya bar mu cikin wannan fari, shi ne na tsaya gaban gari na ce bai ba ni komai ba. Da bakina, da muryata. Kunya ta hana ni barci, ta hana ni zuwa rijiya.

Ni da ubanka kakanmu ɗaya, shi ya sa na yarda ka ɗauke ni. Wani baƙo da ko ƙofar gidana ba zai gani ba. Ka mayar da maganata yadda na faɗe ta. Ban kira ka ta wayar mai shago ba, don mutum goma ne ke tsaye kan mai magana.

Gwaggonka,
Salomi

*

Yamai, 3 ga Yuni, 2010

Zuwa ga Gwaggo Salomi,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina gaida Marta da dukan jama'ar majami'a. Na ji daɗin jin ta warke. Ni ma lafiya lau, in ban da mura da fankar ɗakin montaj ta sa mini.

Gwaggo, wasiƙarki ta taɓa ni ƙwarai, amma ki bari in yi miki bayani. Hoton awa tara na ɗauko daga gida, minti goma sha uku aka ba kowane ɗalibi, ba ƙari ba ragi. Dole a yanke. Aikin da muke kira montaj ke nan. Ana zuba hotunan cikin ordinata, wato kwamfuta, sai su jeru a layi ɗaya kamar ƙyallayen da tela ya shimfiɗa, ka yanke nan, ka ja wancan ka haɗa da wannan. Mu ashirin da biyu muke layin ordinata uku, kowa awa biyu, rabin lokacin kuma kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke. Abin da kuka gani gwaji ne kawai, na aiko wa Matiyu don murna. Ban yi zaton zai tara gari ba.

Ki kwantar da hankalinki, ba a rasa komai ba. Maganarki tana nan cikakkiya cikin diski, ba a goge ta ba. Malaminmu Mushe Abdurrahamane (mushe dai malam ne da Faransanci) ne ya dafa kafaɗata ya ce in tsaya daidai wurin nan. Ya ce fim ɗin na yunwa ne, in maƙwabci ya shigo da damma huɗu, mai kallo zai ji sanyi a ransa ya ce ai sun samu. Kuma gaskiya, Gwaggo, wurin ya fi ko'ina ƙarfi. Duk ajin sai da suka yi tsit.

Ki tuna kuma, bara ko kalmar yunwa ba a son ji a bakin kowa. Tun da soja suka karɓi mulki ne aka bari ana faɗa, ba mu kuma san kwana nawa za a bar mu ba. In fim ɗin nan ya isa idon masu agaji, Gidan Kwari ce za ta amfana, har da Sale. Ni ban ɗauke shi ƙarya ba, gajartawa ce.

Ga abin da zan yi. A ƙarshen fim akwai wurin da ake rubuta sunayen waɗanda ake gode wa. Zan sa sunan Sale a sama, da manyan baƙaƙe.

Ɗanki mai biyayya,
Filibus

*

Gidan Kwari
11 ga Yuni, 2010

Filibus,

Muna lafiya. An yi yayyafi ran Talata, bai isa shuka ba.

Manyan baƙaƙe! Sale ya taɓa zama a bencin lakwal ne? Wa zai karanta mishi, kai ko mushenka?

Ka ce ba a rasa komai ba. A cikin na'urarka ke nan. Ni nan na rasa maƙwabci. Zara'u matar Sale, wadda turminmu ɗaya, da kullum sai ta leƙo ko don ɗiban wuta, yau kwana goma sha takwas ƙafarta ba ta taka gidana ba. In na hango ta a hanya sai ta ratse. Marta ta kai musu kuɓewa busassa, aka karɓa daga bakin ƙofa.

Wai gajartawa. In na ce ba ni da uba sai Allah, ka gajarta ka bar "ba ni da uba", me ka mayar da ni? Mushenka ya ji ajinsu ya yi tsit, ya ji daɗi. To ya zo ya ji irin tsit ɗin da ke tsakanin gidana da na Sale.

Ban roƙi masu agaji su tausaya mini da ƙarya ba. Ko dai ka mayar da sunan Sale cikin bakina inda ka ciro shi, kowa ya ji da kunnensa, ko kuma kada ka ƙara kirana gwaggo. Ubanka ma zan aika mishi, ya ji abin da ake koya maka a Yamai.

Salomi

*

Yamai, 21 ga Yuni, 2010

Zuwa ga Gwaggona,

Ina gaisuwa, ina fata ƙafar ta yi sauƙi, ina kuma fata ruwa ya sauka.

Gwaggo, kin yi gaskiya, ni ne na yi kuskure. Sau uku na karanta wasiƙarki, na rasa inda zan sa kaina. Ran Alhamis da layina ya zo na buɗe diskin, na nemo wurin, na jawo bakin hoton ya miƙe. Daƙiƙa goma sha ɗaya ne kacal. Na sa abin ji a kunne na saurare ki kina cewa "sai maƙwabcina Sale", na ga yadda fuskarki ta sake da kika ambace shi. Wallahi ban taɓa lura da wannan ba, don kullum kafin nan nake tsayar da hoton. Na rage hoton rijiya don minti sha ukun su cika daidai.

Mushe Abdurrahamane bai so ba. Ya ce na kashe wurin da hannuna, kuma kada in yi kuka da makin da zan samu. Na ce mishi mai maganar tana da rai, kuma a garin take kwana. Ya ɗaga kafaɗa ya ce fim ɗinka ne.

Ga albishir. Ran Asabar aka rufe montaj, kowa ya miƙa nashi, an buga faifai. Cikin fina-finai huɗu da aka zaɓa a zagaya da su ƙauyuka da mota har da nawa. Za su nuna a Tasawa ran Jumma'a tara ga Yuli, washegari Asabar su shigo Gidan Kwari, a babban ajin lakwal bayan la'asar, da majigi da lasifika. Ni ba zan samu zuwa ba saboda jarrabawa. Ki gayyato Sale da duk gidansu, a zaunar da shi a gaba. Wannan karon gari duka zai ji.

Naki,
Filibus

*

Gidan Kwari
22 ga Yuni, 2010

Ɗana Filibus,

Muna lafiya, ruwa ya sauka, an yi shuka. Ban ga amsarka ba tukuna, kuma ina roƙon Allah ya sa taurin kanka ya riƙe ka, ba ka taɓa fim ɗin ba. Kada ka mayar da sunan. Ka ji ni? Kada ka mayar.

Jiya Zara'u ta shigo da rana tsaka, lokacin da maza suke gona. Na fara ba ta haƙuri, sai ta kama hannuna ta ce, "Yaya Salomi, ki rufa mana asiri." Ashe duk abin da na ɗauka fushi ne, tsoro ne.

Kai ɗan birni ne, bari in gaya maka. Sale da Attahiru gandu ɗaya suke, gona ɗaya, tukunya ɗaya, Attahiru ne babba. Babban rumbun gandu in an rufe shi bayan kaka, ba mai taɓa shi sai damina ta faɗi, don da shi ake ciyar da masu noma, kuma babba ne kaɗai ke buɗewa. Bara Attahiru ya tafi cin rani tun ba a gama jera damma ba, ya bar wa Sale rufewa, don haka bai san adadin da ke ciki ba. Damman nan huɗu ba daga ƙaramin rumbun Sale suka fito ba, nashi ya daɗe da ƙarewa. Rumbun gandu ya buɗe mini, ba da sanin yayansa ba. Ni kuwa da ya kawo su ran kasuwa gari ba kowa, ya ce kada in damu da godiya, na ɗauka kawaici ne irin nashi.

Ranar kallon nan, da ya ga fuskata bakin rumbu, ya san abin da zai iya fitowa daga bakina, ga Attahiru kafaɗa da kafaɗa da shi. Zara'u ta ce abin da ya fitar da shi daga majami'a ke nan. Tun ranar suke guduna don kada a ga kusancinmu a yi tambaya.

Ka san Attahiru, ko ba ka sani ba an gaya maka. Ba mugu ba ne, amma a kan girmansa ba ya ragawa. In ya ji, zai raba gandu. Sale na da ƴaƴa biyar, babbansu bai isa riƙe hauya ba. A shekara irin wannan, in aka ware shi, ya shiga uku.

Na zage ka a banza, ka yafe mini. Gara gari ya kira ni marar godiya har in mutu. Ka bar shi yadda mushenka ya yanke. Ka amsa mini da direban da ya kawo maka wannan, kada ka bari ta kwana.

Gwaggonka,
Salomi

*

Yamai, 1 ga Yuli, 2010

Gwaggo,

Ina gaisuwa a gurguje, ina lafiya. Wasiƙunmu sun yi saɓani a hanya. Taki ta ashirin da biyu sai jiya ta zo hannuna, kwana takwas, wai an bar ta a tashar Maraɗi. Yanzu na san tawa ta riga ta same ki, kuma na san halin da kike ciki. Na kira lambar mai shago ya fi sau ashirin, ba rezo, waya ba ta shiga.

Ki saurara da kyau. An gyara. Babu abin tsoro.

Ina gama karantawa na tafi wurin Mushe Abdurrahamane na gaya mishi komai. Ya ce montaj a rufe yake, wanda duk ya sake taɓa fim ɗinsa ya fita daga jarrabawar bana, sai zagaye na gaba. Na ce na ji. Sai ya ciro makullin ɗakin ya ba ni.

Na zauna gaban ordinata na rasa yadda zan yi. In na sake yankewa a wurin farko, na mayar da ke maƙaryaciya, kuma na yi alkawari ba zan ƙara ba. Na gwada cire sunan kaɗai in bar "sai maƙwabcina", to maƙwabci nawa gare ki? Darninki da na wa ya haɗu? Ƙarshe na ɗauke wurin gaba ɗaya, daga zamanki bakin rumbu har tashinki. Fim ɗin ya koma minti goma, kuma abin da ya fi kyau a cikinsa ya tafi. Na buga sabon faifai, na kai wa shugaban masu motar hannu da hannu, na karɓo tsohon na karya shi a gabansa.

Shekarar ta tafi, ban san yadda zan gaya wa Baba ba, amma wannan matsalata ce. Ke dai kada ki ce wa Sale komai. Ya zo kallo ko kada ya zo, ba sunansa, ba fuskarki. Na ba direba wannan na roƙe shi ya miƙa miki da hannunsa.

Ɗanki,
Filibus

*

Gidan Kwari
Litinin, 12 ga Yuli, 2010

Zuwa ga ɗana Filibus,

Alherin Ubangiji ya kasance tare da kai. Jikinmu lafiya. Hatsi ya fito, ana noman fari.

Wasiƙarka ta zo ran Laraba. Ruwa ya cinye hanyar Baudeta, motar ta kwana uku a Tasawa. Sale kuwa ran Litinin ya je wurin yayansa.

Ni na gaya mishi. Tun da na karanta albishir ɗinka na majigi da lasifika nake zuwa bakin hanya kullum ina jiran wata takardar, mako guda cur, shiru. Ka ce an rufe, an buga faifai, na ɗauka magana ta ƙare. Na ce ba zan bari mutumin nan ya zauna cikin jama'a abu ya faɗo mishi a ka ba. Ran Lahadi na tare shi a hanyar gona na faɗa mishi. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya jingina da hauyarsa ya ce, "To, gara ya ji daga bakina da ya ji daga lasifika."

Attahiru bai ɗaga murya ba. Zara'u ta ce cewa ya yi, "Ba hatsin ne ya dame ni ba, da ina nan ni ma zan ba ta. Ka buɗe rumbu ba na nan, na dawo kuma muka yi wata biyu muna cin tuwo ƙwarya ɗaya, ba ka ce mini komai ba." Ran Talata ya kira dattawa biyu aka raba. Sale ya samu jigawar nan ta arewa da ko wake ba ya son ta, da jaki, da ɗan abin da aka auna mishi. Matan sun raba murhu. Na je na durƙusa gaban Attahiru, ni da furfurata, ya ce in tashi, maganar ba tawa ba ce.

Da takardarka ta zo na karanta a tsaye, na zauna a ƙasa. Daga Laraba har Asabar na kasa gaya wa Sale abin da ke ciki. Sau biyu ina zuwa bakin darni ina komowa.

Ran Asabar masu motar suka zo. Ajin ya cika har tagogi. Attahiru ya zauna can gefe da mutanensa. Sale ya shigo da rigarsa ta Jumma'a, ya wuce har bencin gaba ya zauna, ya ɗora ƙaramin ɗansa a cinya. Ba abin da ya rage mishi na ɓoyo, ya riga ya biya. Aka nuna rijiya, aka nuna gonaki, aka nuna shanun da suka faɗi, rubutu ya hau, aka tafa. Bai motsa ba har aka fara kwance wayoyi. Da muka fito ya matso kusa da ni, ya ce a hankali, "Salomi, ashe ba ki ciki?"

Na sunkuyar da kai, Filibus. Ya dube ni, ya gane na riga na sani, kuma a banza ya je wurin yayansa, ya gyara wa yaron zama a kafaɗa ya wuce.

Ba na ganin laifinka. Ka yanke, na ce ka mayar, ka mayar, na ce ka cire, ka cire har da shekararka. Ubanka ni zan rubuta mishi, kada ka riga ni. Abin da ke cikin diskin nan kuma ka bar shi inda yake, ba zan ƙara ce maka ka taɓa ko kada ka taɓa ba.

Ka sa gidan Sale cikin addu'arka, da suna. Gobe da sassafe ni da Marta za mu ɗauki hauya mu bi shi jigawa. Bai kira mu ba, ban kuma san ko zai bar mu mu shiga ba.

Ni ce gwaggonka,
Salomi